Grand National: tseren da aka fi tuna wanda ya faɗi a kan wanda ya ci

Ranar 24 ga Maris 1956 a tseren Grand National, shahararriyar sukuwar tsallaken shinge ta Ingila da ake yi a filin Aintree da ke Liverpool, wani doki mai suna Devon Loch ya tsallake shinge na 30, na ƙarshe kenan, ya miƙe hanya shi kaɗai ba kowa kusa da shi. Dokin mahaifiyar Sarauniya Elizabeth ne, tana zaune a rumfar manya tana kallo, jama'a har sun fara cire huluna ana ihu. Saura bai kai mita 40 ba ya isa layi, kawai sai dokin nan ya yi wani irin tsalle a wajen da babu shinge babu rami, ya faɗo a kan cikinsa ƙafafu a baje kamar an shimfiɗa tabarma. Mahayinsa Dick Francis yana kai bai faɗo ba, amma kafin dokin ya tattara kansa wani mai suna E.S.B. ya zo ya wuce fuu. Har yau ana musu kan me ya same shi, wasu sunce jijiya ce ta ɗaure, wasu sunce inuwar shingen ruwa da ke gefe ya gani ya ɗauka tsalle ne, wasu kuma sunce ihun mutane ne ya firgita shi. Shekarar 2026 ce cikon 70 da faruwar abun, kuma in ka tari Bature ɗan Ingila ka tambaye shi wa ya ci tseren 1956 da wuya ya faɗa maka, amma sunan Devon Loch ya zama abun magana a bakinsu, duk ƙungiyar ƙwallon da ta riƙe teburi har ƙarshen kaka sannan ta saki, sunansa ake laƙa mata.

To wannan shi ne abun da ya ja hankalina a tarihin sukuwar tsallaken shinge. Yawancin ranakun da ake tunawa, ake wa bikin cika shekara kaza, ba ranakun da dokin da ya fi kowa gudu ya ci bane. Ranakun tsautsayi ne da yamutsi da rabo. Kuma ba haka kawai abun ya zo ba, tsarin tseren ne ke haifar da shi.

Mu ɗan koma baya tukuna. Labarin da aka fi yarda da shi shi ne a 1752 a yankin Cork na ƙasar Ailan wasu mutum biyu, Cornelius O'Callaghan da Edmund Blake, suka yi musun dokin wa ya fi, sai suka ce to a gwada. Babu fili babu layi, saboda haka suka ce daga cocin garin Buttevant zuwa cocin Doneraile, tafiyar mil 4 da ɗan wani abu, kowa ya kalli hasumiyar coci ya nufe ta, duk abun da ya tare ka, katanga ce ko shingen gona ko rafi, ka san yadda za ka yi da shi. Daga nan sunan steeplechase ya fito, ma'anarsa bin hasumiya. Kaga tun asali ba irin sukuwar da muka saba gani bace a fili shimfiɗaɗɗe inda doki zai zuba gudu a ja masa zama a gaban jama'a, wannan tun ran gini aka yi zane, cikas ɗin shi ne wasan.

A 1839 aka yi Grand National na farko da ake lissafawa a hukumance, kuma abun dariya sunan dokin da ya ci Lottery, wato caca. A tseren nan ne wani Kyaftin Martin Becher dokinsa Conrad ya wurga shi cikin wani ɗan rafi da ke bayan shinge, mutumin ya lafe a ciki har dawakai suka gama wucewa ta kansa. Yau wannan shingen shi ne mafi shahara a duniyar dawaki, Becher's Brook. Ka duba fa, mutum ya faɗi aka sa wa wajen sunansa, Jem Mason mahayin Lottery da ya ci kuwa sai masu bin diddigin tarihi.

Yanzu ga yadda filin yake, don in ba ka gane wannan ba sauran labarin ba zai zauna maka ba. Nisan tseren kusan kilomita 7 ne, zagaye biyu, shinge 16 ne a filin, 14 ana tsallake su sau biyu, biyu kuma sau ɗaya, jimilla tsalle 30. Ana lulluɓe shingayen da rassan wata bishiya mai kama da fir da ake kawowa daga yankin Lake District. Kowane da irin sharrinsa. Becher's sharrinsa shi ne ƙasan da doki zai dira ya fi inda ya taso zurfi, doki na sama yana tsammanin ƙasa ta iso ashe da saura, sai ya tafi da ka. Canal Turn kuma kana dira dole ka karya kwana hagu nan take, kwana sosai ba 'yar lanƙwasa ba. The Chair shi ne mafi tsayi, ƙafa 5 da inci 2, ga rami mai faɗin ƙafa 6 a gabansa. Sannan a ƙarshe in ka gama tsalle na 30 akwai doguwar miƙa ta kusan mita 450 zuwa layi, a nan ne gajiyayyen doki ke tona kansa.

Abu na biyu shi ne nauyi. Tun 1843 aka mayar da tseren na daidaita kaya, wato akwai jami'in da ke duba tarihin kowane doki, wanda ya fi ƙwarewa a ƙara masa dalma a jakar sirdi, mai rauni a rage masa, wai don a takarda dukkansu su iso layi tare. Ma'ana da gangan ake danne gwani. Abu na uku yawa, a 1929 dawakai 66 suka tashi lokaci guda, daga baya aka tsayar da shi a 40. Abu na huɗu wanda mutane basu cika lura da shi ba, dokin da ya kayar da mahayinsa ba ya tsayawa, dabba ce ta garke, zai ci gaba da bin 'yan uwansa ba mai riƙe linzami, kuma shi ne babban haɗari a filin.

Haɗa waɗannan ka gani. A 1928 dawakai 42 suka tashi, a zagayen farko Easter Hero ya maƙale a Canal Turn ya tare hanya aka yi turmutsutsu, kafin a zo shingen ƙarshe saura biyu a tsaye, Billy Barton daga Amurka da Tipperary Tim wanda ba wanda ya ba shi ko kallo. Billy Barton ya faɗi a shingen ƙarshe, mahayin ya sake ɗarewa ya zo na biyu, kuma na biyun nan shi ne na ƙarshe don su biyu kacal suka gama. 'Yan caca sun sa Tipperary Tim a 100 bisa 1, wato wanda ya zuba fam 1 ya kwashi 100. Su dai can caca halal ce a dokarsu kuma ita ke riƙe da wasan, ban kawo lissafinta don sha'awa ba sai don ita ce ma'aunin yadda aka raina doki kafin a tashi. Sau 5 irin wannan dokin na 100 bisa 1 ya ci, 1928 da 1929 da 1947 da 1967 da 2009.

Na 1967 ɗin ne gangaran. Dokin sunansa Foinavon, an san shi da sanyin jiki, har akuya aka ajiye masa a barga mai suna Susie tana ɗebe masa kewa. Mai shi ma bai je Aintree ba ranar, mahaya sun ƙi shi, sai aka ba John Buckingham wanda bai taɓa hawa a Grand National ba. Dawakai 44 suka tashi. Akwai wani Popham Down da ya rabu da mahayinsa tun a shingen farko amma ya ci gaba da gudu a gaba-gaba, har aka zagayo aka tsallake Becher's karo na biyu lafiya lau, aka nufi shinge na 23 wanda ƙafa 4 da inci 6 ne kawai, cikin mafi ƙanƙanta a filin, wajen da mahayi ke ɗan sauke numfashi. Nan Popham Down ya ce shi ba zai tsallaka ba, ya karkata ya bi gaban shingen a gicciye ya share na gaba gaba ɗaya. Wasu suka turje, wasu suka wurga mahaya ta saman shinge su kuma suka tsaya a baya, wasu ma juyawa suka yi suka nufi inda aka fito, mahaya na ta gudu a ƙasa kowa na neman dokinsa. Shi kuwa Foinavon saboda tsabar an bar shi a baya sai Buckingham ya samu lokacin hango abun da ke faruwa, ya ja shi can gefe ta waje, ya samu 'yar kafa ya tsallake, ya ɗaga kai ya ga ba kowa a gabansa. Sauran suka sake hawa suka biyo shi, Honey End da aka fi sa wa rai ya matso sosai amma ina, Foinavon ya shiga da ratar tsayin doki 15. Rashin gudunsa ne ya ba shi. A 1984 aka raɗa wa shingen sunansa. Da Hausawa ne ke ba da labarin nan cewa za su yi rabon kwaɗo ba ya hawa sama, kuma gaskiya ban san inda karin maganar ya fi dacewa ba.

Sai dai kar a ce duk sa'a ce, don akwai dokin da ya karya wannan lissafin, Red Rum. Mai horar da shi Ginger McCain dillalin motocin hannu ne a garin Southport, bargarsa na bayan shagon motocin. A 1972 ya sayo dokin wa wani dattijo Noel Le Mare a kan gini 6,000 na kuɗin Ingila, ya kawo shi gida sai ya ga yana ɗingishi, ashe ciwon ƙashin cikin kofato gare shi, irin wanda kan gama da dokin tsere. McCain ba shi da filin atisaye sai yashin bakin teku, a nan yake sukuwa da dawakansa, ya riƙa shiga da Red Rum cikin ruwan gishirin nan, ƙafa ta warware. Ya ci a 1973, ya ci a 1974 ɗauke da kaya mafi nauyi, ya zo na biyu a 1975 bayan L'Escargot, na biyu a 1976 bayan Rag Trade, sannan a 1977 yana ɗan shekara 12 ana cewa ya tsufa ya dawo ya ci na uku da ratar tsayin doki 25, Tommy Stack a kansa. Sau 5 ya shiga, tsalle 150 kenan a wannan filin, bai faɗi ko sau ɗaya ba. Ni wannan lissafin ya fi burge ni a kan kofunan.

Amma ko a labarin Red Rum ɗin ma, wanda ya fi taɓa zuciya shi ne na wanda ya kayar. A 1973 akwai wani ƙaton doki daga Ostireliya mai suna Crisp, Richard Pitman a kansa, an ɗora masa kusan kilo 76, Red Rum kuma kusan 66, bambancin kilo 10 a tafiyar kilomita 7. Crisp ya fita gaba yana tsallake shingayen nan kamar wasa, ya yi nisan da kyamara ma da ƙyar take haɗa shi da na biyu, ya dira daga shingen ƙarshe da ratar tsayin doki 15. Sai doguwar miƙar nan ta ci shi. Ƙafafu suka mutu, ya fara tangaɗi yana karkata, Pitman ya saki linzami da hannu ɗaya ya ɗaga bulala, abun da shi da kansa ya sha faɗa daga baya cewa kuskurensa ne, dokin ya ƙara kaucewa. Brian Fletcher da Red Rum suka cim masa saura taku biyu ko uku, suka wuce shi da ƙasa da tsayin doki ɗaya. Minti 9 da daƙiƙa 1.9, sun karya tarihin da aka kafa tun shekarun 1930. In ka kalli bidiyon nan ko ba ka san komai kan doki ba Crisp za ka tausaya wa.

Wanda ke son ganin gwani ya ci don shi gwani ne, ba Aintree zai je ba, Cheltenham zai nufa a watan Maris. Gold Cup na can kusan kilomita 5 da ɗan ɗori ne, shinge 22, kuma kowa kaya ɗaya yake ɗauka in banda goɗiya da ake ɗan rage mata. An fara shi a 1924, Red Splash ya ci, a 2024 aka yi bikin cika 100 Galopin Des Champs ya ɗauka karo na biyu a jere. Shi ya sa tarihin Cheltenham jerin sarakuna ne, Golden Miller sau 5 a jere daga 1932 zuwa 1936, shi kaɗai ne ma ya taɓa haɗa Gold Cup da Grand National a shekara guda, 1934. Sai Arkle na Ailan, 1964 da 1965 da 1966, Pat Taaffe a kansa, dokin da ya fi ƙarfin zamaninsa har hukumar tsere ta Ailan ta koma fitar da lissafin nauyi iri biyu, ɗaya in Arkle zai fito ɗaya in ba zai fito ba. Ga wani abu kuma, uwar ɗakin Arkle, Anne Duchess ta Westminster, bata taɓa yarda an kai shi Grand National ba, kuma ita ce ta taɓa mallakar Foinavon ta sayar. Ta riƙe gwanin ta ɓoye shi daga Aintree, wanda ta sallama ya je ya ci.

Ba Ingila da Ailan kaɗai ke yi ba, Faransa na da Grand Steeple-Chase de Paris a filin Auteuil, Jamhuriyar Cek na da Velká Pardubická mai wani mugun rami da ake kira Taxis, dukkansu a 1874 aka fara, 2024 suka cika 150. A na Cek ɗin mahayi Josef Váňa ya ci sau 8, na ƙarshen yana gab da shekara 59.

Mu dawo Aintree don yamutsin bai ƙare ba. 1981 Bob Champion da ya tashi daga ciwon daji ya hau Aldaniti da shi ma ya tashi daga ciwon ƙafa suka ci. 1993 kuwa abun kunya aka yi a gaban duniya, igiyar tashi ta naɗe mahaya har sau biyu, karo na biyu ta shaƙe Richard Dunwoody a wuya, alamar a dawo bata isa ga na gaba ba, dawakai 30 cikin 39 suka zuba a guje. Jami'ai na ɗaga jan tuta a hanya wasu mahayan suka ɗauka masu zanga-zangar kare dabbobi ne da suka shigo filin tun farko, suka wuce abunsu. Guda 7 suka gama zagaye biyu cif, John White a kan Esha Ness ya shigo na ɗaya, yana cikin murna aka ce masa ai tseren ma an soke. 1997 barazanar bam daga IRA, ƙungiyar 'yan bindigar Ailan, ta sa aka kwashe mutum kusan 60,000, motocinsu a kulle a ciki, mutanen Liverpool suka buɗe gidaje suka saukar da baƙi, ranar Litinin aka dawo Lord Gyllene ya ci.

Maganar mata ma tana da nata ranakun. Charlotte Brew ce ta fara hawa a 1977, Geraldine Rees ta fara kaiwa ƙarshe a 1982, Jenny Pitman ta zama mace ta farko da ta horar da dokin da ya ci a 1983 da Corbiere, ita ce kuma mai horar da Esha Ness ɗin can da aka soke tserensa. Sai 2021 Rachael Blackmore ta ci a kan Minella Times, amma saboda korona babu 'yan kallo, shekara 44 ana jiran ranar ta zo rumfuna wayam.

To ga inda gizo ke saƙar. Duk abun da ke sa tseren nan daɗin labari shi ne dai ke kashe dawakai. Doki in ya karya ƙafa ko wuya a wannan gudun yawanci ba ya tashi, kewaye shi ake da labule a ƙarasa shi. Bayan mutuwar dawakai biyu a Becher's a 1989 aka gyara shingen. A 2012 aka rasa Synchronised wanda wata guda kafin nan ya ci Gold Cup, da According To Pete, sai aka cire katakon da ke cikin shingayen aka sa roba mai lanƙwasa daga 2013. Sake hawa dokin da ya faɗi kuwa an hana tun 2009, kaga da dokar nan ta kasance a 1928 da doki ɗaya tak zai gama. A 2023 'yan ƙungiyar kare dabbobi ta Animal Rising suka kutsa filin, aka kama mutum sama da 100, tseren ya yi jinkirin kusan kwata, wani doki Hill Sixteen ya mutu a shingen farko, kowane ɓangare ya ɗora wa ɗayan laifi. Daga 2024 aka rage dawakai zuwa 34, aka matso da shingen farko kusa don kar su iso shi da mugun gudu. A shekarar I Am Maximus ya ci, 21 suka gama, ba dokin da ya faɗi ko ɗaya.

Tsofaffin masoya wasan na ta ƙorafi wai an zare wa tseren haƙora, ya zama dogon tsere kawai da manyan barguna irin na mai horar da dawakin nan na Ailan Willie Mullins ke cinyewa, ɗan dillalin mota mai atisaye a bakin teku ba zai ƙara samun shiga ba. Ni dai a ganina suna da gaskiya a bayanin amma ba su da ita a ƙorafin. Eh, da wuya a sake ganin irin ranar Foinavon, amma mai son a maimaita ta yana zaune ne a kujera da shayi a hannu, ba shi bane a ƙarƙashin dawakai 20. Su ma masu cewa an gama gyara su dakata, don a 2025 da Nick Rockett ya ci, Celebre d'Allen ya zube bayan shingen ƙarshe ya mutu kwanaki kaɗan bayan nan.

Wani dokin da ya matso kusa da tarihin Red Rum shi ne ɗan ƙaramin nan Tiger Roll, ya ci 2018 ya ci 2019, ana shirin ganin na uku a jere korona ta sa aka soke na 2020, daga baya masu shi suka ƙi kawo shi suna cewa kayan da aka ɗora masa sun yi yawa. Shi kuwa Red Rum ya mutu ranar 18 ga Oktoba 1995 yana da shekara 30, aka binne shi a Aintree daidai bakin layin gamawa, 2027 ce cikon 50 da cinsa na uku, kuma duk dokin da zai ci Grand National ta gefen kabarinsa yake wucewa.